Labarin Faganini, Sarkin Gogen Turawa

Wannan labarin wani mutumin ƙasar Italiya ne, sunansa Nikolo Faganini, Turawa kuwa Paganini su ke rubutawa. Sana'arsa goge. Ya mutu tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, amma har yau in Turawa suka tashi yabon mai goge, da shi su ke auna shi. Mai karatu ya san abin da a kan faɗa a ƙasar Hausa in hannun mai goge ya cika zaƙi: sai a ce ba shi kaɗai ba ne, akwai mutanen ɓoye a bayansa. To, ashe ba Hausawa kaɗai ke da wannan zato ba. An yi wa Faganini irinsa a manyan biranen Turai. Ya ci ribarsa yana da rai, da ya mutu kuwa zaton nan ya hana gawarsa shiga maƙabarta har shekara 36.

An haife shi a birnin Janowa ran 27 ga Oktoba 1782, watau shekara ta 1196 daga Hijira, Alwali na sarautar Kano. Janowa garin fatake ne a bakin Bahar Rum. Mutanenta sun daɗe suna ciniki da Larabawan Magrib, har wani falkensu mai suna Malfante ya kai Tuwat a 1447 yana bin labarin zinariyar ƙasar baƙar fata. Tuwat ɗin nan kuwa daga can Shaihu Maghili ya taso ya zo Kano zamanin Rumfa. Uban Faganini, Antoniyo, ba attajiri ba ne. Aikinsa ɗaurin kaya a tashar jiragen ruwa, in ya tashi aiki ya kan kaɗa wani ɗan molo da su ke kira mandolin. Uwarsa sunanta Teresa. An ruwaito cewa yana ƙarami ƙyanda ta kama shi har aka ɗauka ya cika, aka sa shi a likkafani, sa'an nan aka ga ya motsa.

Yana ɗan shekara 5 uban ya ɗora shi a kan mandolin, yana ɗan shekara 7 ya miƙa masa goge. Gogen Hausa ƙwarya ce rufe da fatar guza, tsirkiyarsa ɗaya, ta izgar doki. Na Turawa, wanda su ke kira biyolin, ɗan akwati ne na katako mai tsukakken ƙugu, tsirkiyarsa huɗu, a zamanin nan na hanjin tumaki, ana ɗora shi a kafaɗa a danne da haɓa. Abin gogawar duka biyu izga ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Dangantakarsu ba ta nesa ba ce ƙwarai, gama Turawa sun koyi goga tsirkiya daga gabas, rababar Larabawa kuma, wadda Alfarabi ya ambata cikin babban littafinsa na kiɗa, ta shiga ƙasarsu ta hanyar Andalus. Sai cikin ƙarni na 16 masassaƙan arewacin Italiya suka fid da siffar da a ke gani yau. Abu ɗaya kuma ya haɗa su: babu wata alama a wuyan goge da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. In ya goce kamar faɗin ƙwayar gero, murya ta ɓaci. Kunne da yawan maimaitawa su kaɗai ke koya wa hannu wurin.

Maimaitawar nan kuwa Faganini ya sha ta. Shi da kansa ya ba da labari cewa uban ya kan tsare shi a ɗaki tun safe har dare, in ya ga lalaci ya hana shi abinci. Wannan ba tarbiyyar da za a yaba ba ce, ta kuwa bar masa raunin jiki da ya bi shi har mutuwa. Amma a nan asirin ya ke, ga mai neman asirin. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugu a Kura ya ga yadda baƙin zane ke fitowa yana walƙiya kamar ƙarfe, har Buzu ya taso daga Azbin dominsa. Baƙo ya iya zaton wani magani a ke sa masa. Masu sana'ar sun san shuni ne, da dukan da ba ya ƙirguwa, da kafaɗar da ta saba tun ƙuruciya.

Kafin ya cika shekara 12 ya fara kaɗawa a gaban jama'a cikin majami'un Janowa. A 1795 uban ya kai shi birnin Farma wurin wani gwani mai suna Rolla, a can kuma ya koyi tsara kiɗa a rubuce wurin waɗansu malamai biyu, Fayer da Giretti. A 1801 ya tafi birnin Lukka, ya rabu da hannun ubansa. Yaron da aka tsare ya sami sakewa, sai ya faɗa caca da neman mata. An ce har gogensa ya taɓa jinginarwa saboda bashin caca, ga shi kuwa an sa ranar wasa a Liborno. Wani attajiri Bafaranshe ya ara masa nasa, da ya ji abin da yaron ya yi da shi sai ya ƙi karɓa, ya bar masa. Ko ta wace hanya ya zo hannunsa, gogen da ya riƙe har mutuwarsa aikin wani masassaƙi ne na birnin Kiremona mai suna Gwarneri, ya sassaƙa shi a 1743. Faganini ya sa masa suna Igwa saboda ƙarfin muryarsa.

A 1805 Nafoliyon ya ba ƙanwarsa Elisa sarautar Lukka, Faganini ya zama makaɗin fadarta. A nan ya fara abin da ya ba Turawa mamaki, watau ya kaɗa waƙa sukutum a kan tsirkiya ɗaya tak. Mai gogen Hausa zai yi murmushi a nan, tun da shi kullum da ɗaya ya ke aiki. Amma Faganini a kan ɗayan nan ya ke fid da abin da sauran ke nema a kan huɗu, daga muryar ƙato har ta ɗan tsuntsu. Ƙarshen 1809 ya bar fada ya shiga yawon garuruwa da kansa. A 1813 ya yi wasa a babban zauren Milan da a ke kira Laskala, ya kaɗa wani kiɗa nasa mai suna Mayu. Daga ranar sunansa ya cika Italiya. A 1820 aka buga masa littafin darussa 24 na goge, waɗanda har yau su ne tudun da kowane mai neman gwaninta sai ya hau.

To, ga yadda wasan ya ke, don mai karatu ya gane abin da mutane ke biyan kuɗi su gani. Turawa suna da wani irin kiɗa da su ke kira konceto. Makaɗa arba'in ko hamsin, ko fiye, su ke zama a kan dakali a gaban jama'a: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu algaita irin tasu, masu ƙahonin tagulla, masu ganguna. Taron nan shi a ke kira okestira. Kowa da takardarsa a gabansa, an rubuta masa inda zai shiga da inda zai yi shiru, ba mai ƙara ko ɗigo daga kansa. Gaba da su duka mutum ɗaya ke tsaye da gogensa. Mai gogen Hausa, irin su Garba Liyo, 'yan ƙwarya ke riƙe masa ƙasa yana yawo a sama. Wannan ma haka ne, sai dai masu riƙe masa ayari ne guda, shi ne madugu, kuma ba riƙewa kaɗai su ke yi ba: su kan amsa masa, su kan yi masa gardama, wani lokaci su taso masa gaba ɗaya kamar za su binne shi.

Konceto kashi uku ne. A na fari taron ke buɗewa, da ƙarfi, su daɗe suna yi, gwanin yana tsaye bai ɗaga hannu ba. Abin ya yi kama da sa'ad da aka buɗe ƙofar ruwa a Tiga, babbar hanyar ruwa ta cika ta nufo gonakin Bunkure da Kadawa da Kura. Can sai su lafa, murya ɗaya siririya ta fito, zaure duka ya koma kanta. Kusa da ƙarshen kashin akwai wurin da taron ke tsayawa cik, a bar shi shi kaɗai ya nuna iyakar abin da hannunsa ya iya. Kashi na biyu a hankali a ke yinsa, gogen ya yi ta rerawa kamar mutum. Na uku na rawa ne, mai sauri, da shi a ke tashi.

Faganini ya tsara irin wannan kiɗa har shida don kansa. A cikinsu ya kan goga tsirkiya biyu tare, a ji kamar mutum biyu ne ke kaɗawa. Ya kan taɓa tsirkiya sama-sama ba tare da ya danne ta ba, sai murya ta fito fes kamar busar sarewa. Ya kan jefa izga a kan tsirkiya ta yi ta tsalle da kanta, muryoyi su zubo kamar an kwance tsakiya. Yana cikin gogawa da dama, yatsun hagu kuma suna tsinkar tsirkiya kamar mai gurmi. A konceto na biyu, wanda ya tsara a Nafoli a 1826, ya sa 'yar ƙararrawa cikin taron: ta yi ƙara, gogen ya kwaikwaye ta, har mai sauraro ya rasa wace ce wace. A na fari kuwa akwai wata dabara tasa. Ya rubuta wa taron nasu kiɗan a wani mataki da ke dushe muryar gogunansu, shi kuma ya ɗaure tsirkiyoyinsa suka hau rabin mataki. Sai nasa ya fito da haske bisa nasu, masu goge da ke cikin 'yan kallo kuma suna duban yatsunsa suna jin abin da a ganinsu ba ya yiwuwa.

Ba ya son a gane waɗannan abubuwa. Ba ya duban takarda in yana wasa, duk a ka ya ke riƙe da shi. Takardun taron kuwa sai ranar gwaji ya ke raba su, a gama ya tattara abinsa. In an zo wurin da zai yi shi kaɗai a gwajin, ya kan taɓa kaɗan ya wuce, makaɗan da suka miƙa wuya su gani su koma da haushi. Ɗan kasuwa ba zai ga laifinsa ba. Amma abin da aka ɓoye, mutane su kan cika shi da abin da ransu ya ba su.

Bai fita Italiya ba sai da ya kai shekara 45. A lokacin yana da ɗa guda, Akille, wanda wata mawaƙiya mai suna Antoniya Biyanki ta haifa masa a 1825, ba a kuwa ɗaura musu aure ba. A 1827 Fafaroma Liyo na 12 ya ba shi lambar girma. Ran 29 ga Maris 1828 ya yi wasansa na fari a Biyana, babban birnin Ostiriya. Garin ya ruɗe. 'Yan kasuwa suka riƙa sa sunansa a kan huluna da safar hannu da gurasa, har takardar kuɗi ta gulda biyar, wadda ita ce kuɗin shiga, aka riƙa kiranta da sunansa. An ruwaito cewa Shubat, babban mai tsara waƙa na garin, ya ce mala'ika ya ji yana rerawa a kashin nan na hankali. Wani mutum kuwa ya tashi daga irin wannan zama ya rantse cewa da idonsa ya ga Shaiɗan tsaye a gefen Faganini yana riƙe masa hannu. Maganar na biyun ita ta fi tafiya.

Siffarsa ta taimaki masu faɗa. Dogo ne, ramamme ƙwarai, fuska fari fat, gashi har kafaɗa, kullum cikin baƙaƙen tufafi. Tun 1822 likitoci suka ce yana da tunjere, suka yi ta ɗura masa zaiba, wadda ita ce maganin zamanin, alhali guba ce. A Firag, cikin 1828, aka yi masa aiki a muƙamuƙi, haƙoransa na ƙasa suka tafi, kumatu suka faɗa. Yatsunsa kuma suna lanƙwasa ta inda na mutane ba su yi. Wani likita mai suna Bennati da ya duba shi ya rubuta a 1831 cewa hannun bai fi na kowa girma ba, sai dai gaɓoɓinsa suna miƙewa ƙwarai. Likitocin baya suna zaton wata cuta ce ta gado mai sassauta jijiyoyi. Mutanen zamaninsa kuwa ba cuta suka gani ba. Waɗansu suka ce ya sayar da ransa. Waɗansu suka ce ya kashe farkarsa, ya yi shekaru a kurkuku da goge mai tsirkiya ɗaya, can ya koyi abin. Gaskiyar da ke ciki ita ce an taɓa tsare shi 'yan kwanaki a Janowa a 1815 bisa ƙarar uban wata yarinya.

Ya yi ƙoƙarin kare kansa. A Firag ya sa aka buga wasiƙar uwarsa a jarida, don a san mutum ne ya haife shi. A Faris ya buga doguwar takarda yana ƙaryata zancen kurkuku, yana nuna shekarun da a ke faɗa duk yana gaban jama'a. Duk da haka ba za a wanke shi sarai ba. Ya ga tsoron nan yana cika masa zaure, bai kuwa sake tufafi ba, bai bar kaɗa Mayu ba, bai buɗe asirin hannunsa ba. Ya so a ƙaryata ƙazafin, ya kuma so kuɗin da ƙazafin ke kawowa.

Kuɗin kuwa sun zo. Ya zaga Jamus da Folan a 1829 da 1830. Ran 9 ga Maris 1831 ya yi wasa a Faris, ran 3 ga Yuni a Landan. A Landan aka ninka kuɗin shiga, jaridu suka yi ca a kansa, dole aka mayar da shi yadda ya ke, sa'an nan ya bi garuruwan Ingila da Sikotlan da Ayalan yana kwasa. An yi masa shaidar rowa. Amma a 1832, annobar kwalara tana cin Faris, ya yi wasa aka ba marasa lafiya kuɗin. Cikin masu sauraro ran nan akwai wani saurayi mai suna List, wanda ya koma gida ya tsare kansa yana maimaitawa har ya zama a kan fiyano abin da Faganini ya ke a kan goge. Shi dai ya gane inda asirin ya ke. A Disamba 1838 kuma Faganini ya ba wani mai tsara kiɗa, Barliyoz, wanda bashi ya yi wa katutu, kyautar faran 20,000. Ran da ya je yaba masa muryarsa ta riga ta tafi, sai ɗansa Akille ke kanga kunne a bakinsa yana faɗa wa mutane abin da ya ce.

Tun 1834 ya bar yawon wasa, yana kuwa da gida da gona da ya saya a Gayone kusa da Farma. Da ya zauna nan da ya huta. Sai waɗansu suka jawo shi cikin wani kamfani a Faris, suka buɗe gidan wasa da caca a 1837, suka sa masa sunansa. Hukuma ta hana su cacar, shi kuma ciwo ya hana shi kaɗawa, gidan ya rushe. Ya yi hasarar jarinsa, aka kuma kai shi ƙara aka ci shi tarar wajen faran 50,000. Cacar da ta ci gogensa yana yaro ita ta ci kuɗinsa yana tsoho, ko da ya ke wannan karon a kujerar mai gida ya zauna. Ya koma kudu neman iska mai ɗumi, yana ɗan cinikin tsofaffin goguna, har ya sauka a Nis, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Sardiniya.

A nan ya mutu ran 27 ga Mayu 1840, shekara ta 1256 daga Hijira, yana da shekara 57. Al'adar Katolika ita ce fada ya zo wurin mai jinya ya ji tubansa kafin ya cika. An aiko masa fada, ba a yi abin ba. Mutumin ba ya iya magana, bai kuma ɗauka ajalinsa ya zo ba. Fadan ya koma ya kai rahoto marar kyau, bishop na Nis ya yanke cewa ba za a binne shi a maƙabartar Kirista ba. Lambar Fafaroma ba ta cece shi ba. Wasiyyarsa ma, wadda ya bar umurni a cikinta a yi masa addu'o'i a majami'a, ba ta cece shi ba. Zancen da aka yi shekaru ana yi a kasuwa ya riga ya isa kunnen masu hukunci.

Akille yana ɗan shekara 14 aka bar shi da gawar ubansa. Aka shafe ta da magani don kada ta lalace, ta yi watanni a gidan da ya mutu, mutane suna zuwa kallo. Daga nan aka kai ta wani gidan keɓe masu annoba a bakin teku, a Bilfaransh, inda aka riƙa cewa ana jin goge da dare. A 1844 aka yarda aka ɗauke ta cikin jirgin ruwa zuwa wata gonar gidansu kusa da Janowa. A 1845 sarauniyar Farma ta ba da izini aka kai ta Gayone, aka ajiye cikin gidan gona. Ɗan bai bar kai kuka Rum ba. Sai a 1876, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, aka soke hukuncin bishop, aka binne Faganini a maƙabartar Farma, Akille kuwa ya kai hamsin. Ko a nan ba a bar shi ba: a 1893 aka buɗe akwatin don wani mai goge daga ƙasar Cek ya gan shi, a 1896 kuma aka sake ƙaurar da shi zuwa inda ya ke kwance yau.

Igwa kuwa, ya yi wasiyya a ba birnin Janowa, aka miƙa ta a 1851. Tana nan a fadar hukumar garin cikin akwatin gilashi. Tun 1954 a ke yin gasar goge a Janowa da sunansa, samari da 'yammata suna zuwa daga ƙasashe masu nisa, har Sin da Japan, suna kaɗa konceto ɗinsa tare da taron makaɗa. Wanda ya ci, a kan fito da Igwa a miƙa masa ya kaɗa, sa'an nan a mai da ita wurinta.